Ƙyauren Mma Suwaiba

An yi wani mutum a nan Zangonmu na Lome, kafinta. Sunansa ba zan kama ba, don yana da 'ya'ya, su kuwa ba su ɗauki kayan kowa ba. Kuma da alherinsa zan fara, don gaskiya ce: tun da nake ban ga mai hannu irin nasa ba.

Ya 'yan uwa, hannu fa baiwa ce. Mutumin nan idan ya ɗora tafinsa a kan katako, sai ya gaya maka ko loko ne ko maɗaci. Sai ya gaya maka gara ta shige shi ta ciki, alhali kai kana ganinsa lafiya lau. A kawo masa kujerar da ta karye, ya ɗinke ta, mai ita ya yi ta juyawa yana neman inda ta karye bai gani ba. Tsofaffi sukan ɗauko buzunsu su zauna a bakin shagonsa da hantsi, ba aiki suka kawo ba, kallo kawai. Shi kuma ga fara'a, ga ladabi. Ba ya wuce babba bai rusuna ba.

Abin da ya fi shahara da shi gyaran tsofaffin ƙyamare ne.

Yaran yanzu ba su san abin da ƙyaure yake nufi a Zango ba. Lokacin da aka tashe mu daga tsohon Zango na tsakiyar gari aka dawo da mu nan bayan gari, bango aka bari, rijiya aka bari, inuwar da aka saba zama aka bari. Abin da ya ɗauku shi ne ƙyamare da tagogi. Su aka ciccire aka ɗora a mota, wasu ma a ka. Da aka yi sabon gini, sai aka auna bakin ƙofa da tsohon ƙyaure, ba ƙyauren aka auna da ƙofa ba. Ku dubi irin aikin mutanen da! Loko ne mai nauyi, baƙi wuluk don tsufa, an sassaƙa masa zane tun daga sama har ƙasa, ga ƙusoshin maƙera masu faɗin kai a jere kamar an dasa. Wani ƙyauren, wurin da ake turawa har ya lotsa don yawan hannun da ya taɓa shi. Hannun kakanni ke nan.

To amma Lome gari ne na bakin teku. Danshi yana ci, gara tana ci. Duk gidan da ƙyaurensu ya fara ciwo, wurin mutumin nan ake kai shi. Ana ba shi ba tare da wani tunani ba, kamar yadda ake miƙa wa ungozoma jariri.

Ana nan sai wani dillalin tsofaffin kayan tarihi ya fara zuwa shagon. Yana da kanti a wajen Hanukope, inda yake sayar wa masu gina otal da manyan gidaje a Bagida tsofaffin abubuwa, su kafa a bango baƙi su yi ta kallo. Mutum ne mai sanyin magana. Bai ce a yi sata ba. Yabo ya fara da shi. Ya ce hannu irin wannan a ce yana ƙarewa a gyaran kujerun tsofaffi, ana biyansa da goro da addu'a? Ya ce akwai waɗanda suka san darajar abin da mutanen Zango suke bari gara tana ci.

Da taga aka fara. Wani gida ne da magadansa duk suna ƙasashen waje, ba kowa ciki sai ƙadangaru. Kafintan ya cire tagar da rana tsaka, da kayan aikinsa a hannu. Wa zai tambayi kafinta don me yake cire taga? Ba wanda ya tambaya. Ya koma gida ya ci tuwonsa, ya ga ba abin da ya faɗo daga sama.

Daga nan sai Shaiɗan ya nuna masa hanyar da ta fi wannan, ta cikin baiwar da Allah ya ba shi. Idan aka kawo ƙyaure gyara, sai ya ce aikin zai ɗauki lokaci. Ya rufe shago, ya sayo sabon loko, ya sassaƙa wani irinsa sak. Ba ya barin komai. Inda tsohon ya tsage, sai ya tsaga sabon. Inda tsutsa ta huda, sai ya gasa waya ya huda. Inda hannun kakanni ya lotsa, sai ya zauna da yashi da dutse ya yi ta gogawa har ya lotsa. Ƙusoshi ya ba maƙeri ya ƙera, ya jiƙa su a ruwan teku su yi tsatsa. Saura launi, don sabon loko haske gare shi. Sai ya haɗa rininsa: bagaruwa, da kunkunniyar madafa, da ruwan tsatsa. Ya shafa, ya shanya, ya sake shafawa, sannan ya bi da man kaɗanya ya murje har ya yi ƙyalli irin na tsufa. Ya gwada shi da ruwan sama, ruwa ya zame ya wuce bai ɗauki komai ba.

Wallahi da za a jera muku biyun, ba za ku ce ga na jiya ga na shekara ɗari ba. Masu ƙyaure su zo su karɓi sabo suna sa masa albarka, tsohon kuma ya bi bayan mota a lulluɓe da buhu zuwa Hanukope.

Me yake gaya wa zuciyarsa? Cewa yake, ai ban bar kowa ba ƙofa ba. Na karɓi mai gara na ba da mai lafiya. Wa na cuta? Haka mai zunubi yake yi, 'yan uwa. Ba ya rasa magana mai daɗi da zai lallashi kansa.

Yanzu bari in kawo ku wurin mahaifiyarsa, Mma Suwaiba. Tsohuwa ce doguwa, mai tsafta, mai kaifin baki, ba ta da abin duniya sai ƙyauren ɗakinta. Shi kuwa wannan ƙyaure ba kamar sauran ba ne. A danginsu, idan mace ta rasu, ba a wanke ta a ƙasa. Mata ne da kansu suke ɗaga ƙyauren nan su cire shi, su kifa fuskarsa mai zane, su kwantar da mamaciyar a bayansa mai santsi, su yi mata wankan ƙarshe. In an gama a wanke shi, a shanya, a mayar. Tsakiyar bayan nan har ya yi ɗan kwari, don yawan waɗanda suka kwanta a kai.

Da gara ta fara cin gindinsa, sai ta aika a kira ɗanta. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, Kafinta take ce masa. Ta dafa ƙyauren ta ce, "Kafinta, wannan ba irin na mutane ba ne. A kansa aka wanke kakata. A kansa na wanke uwata da hannuna. A kansa kuma za a wanke ni. Ka kashe garar nan ka dawo min da shi kafin in bukace shi."

Ya yi dariya ya ce, "Mma, ke da za ki binne mu duka?"

Ta ce, "Rufe bakinka, mai kan guduma. Ɗauki ka tafi."

Ina shaida masa abu ɗaya: da ya ɗauka, ba da niyyar sayarwa ya ɗauka ba. Ya cire inda gara ta ci, ya yi masa ƙari mai kyau, ya jingine shi a ƙuryar shago. Sai dillalin nan ya zo karɓar wasu kaya, idonsa ya faɗa a kai. Ya cire tabarau, ya zagaya shi. Sannan ya ce duk abin da aka taɓa kawo masa, bayin wannan ne. Mutumin ya ce na uwarsa ne, ba na sayarwa ba ne. Dillali ya ce ya fahimta, ya tafi. Ya dawo. Ya sake dawowa. Kowane zuwa da abin da yake ƙarawa, har ya ce da abin da zai bayar ana iya kai tsohuwa Makka a dawo da ita.

Nan ne ƙafar kafintan ta zame. Ya ce a ransa, katako ai katako ne. Wanda ya mutu ina ya san a kan me aka kwantar da shi? Ga aikin hajji kuwa, wane ƙyaure ne ya kai shi? Ya rufe shago ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Har ɗan kwarin nan na baya ya goge shi, yana aunawa da tafin hannunsa, yana komawa kan na gaske, yana dawowa.

Ranar da ya mayar, matan gida suka taru. Mma Suwaiba ta shafa fuskar, ta zagaya ta shafa bayan, hannunta ya faɗa cikin kwarin nan ya tsaya. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce wa matan su dubi abin da Allah ya ba ta, ɗa mai hannun zinariya. Ta sa masa albarka har muryarta ta dushe. Ya so ya faɗa mata gaskiya, ya fasa. Ya ce amin.

Hajjin fa? Kullum sai baɗi. Injin yankan katako ya saya, da sabon babur.

Akwai abin da bai sani ba, ya 'yan uwa. Mutumin nan, duk iya hannunsa, bai taɓa shiga wankan gawa ba, ko na maza. Tsoro yake ji. In an yi rasuwa, shi ne mai kawo benci, shi ne mai gyara makara, amma ɗakin wanka ba ya leƙawa. Da ya taɓa shiga ko sau ɗaya, da ya san ba da ruwan sama ake wanke mamaci ba. Ruwan ɗumi ake sirkawa, a dama ganyen magarya a ciki har ya yi kumfa. Ruwan ɗumi kuwa yana narkar da man kaɗanya, magarya kuma ba ta barin datti.

Ba a daɗe sosai ba, wata safiya Mma Suwaiba ta idar da sallar asuba, ta jingina da bango da carbinta a hannu, ba ta sake tashi ba. Mutuwa mai kyau, irin wadda kowa yake roƙo.

Kafin hantsi unguwa ta cika. Maza suka shimfiɗa tabarmi a jikin katangar gidan daga waje, mutumin yana zaune kusa da Liman Abdulƙuddus, ana ta ba shi hannu. A ciki kuma mata suka ɗaga ƙyaure suka kifa shi a tsakar gida bayan labule. Mai jagorantar wankan ita ce Mma Assana, ƙawar mamaciyar tun suna 'yan mata. Wannan baiwar Allah ta wanke matan Zango ba iyaka, ba ta taɓa karɓar ko goro ba, kuma ba a taɓa jin abin da ta gani a jikin wata ya fito daga bakinta ba.

Rariyar gidan ta nan jikin katangar take fitowa, daidai gefen tabarmar da maza suke zaune. Ruwa ya fara fitowa, fari, da kumfar magarya a kai. Kowa ya kawar da kai, don ladabi. Can sai ruwan ya koma kamar shayi. Can sai ya yi duhu. Can sai ga shi baƙi ƙirin kamar an wanke allo, yana gangarowa yana taɓa bakin tabarma. Mutane suka fara janye ƙafafunsu suna duban juna.

Shi bai dubi kowa ba. Hancinsa ne ya gaya masa. Bagaruwa, kunkunniya, man kaɗanya. Warin shagonsa ne yake fitowa daga inda ake wanke uwarsa.

Ku tsaya nan ku yi tunani. Ina zai gudu? Wa zai gaya wa? Yana zaune ana ce masa Allah ya ba da haƙuri, yana kallon aikin hannunsa yana wucewa ta gaban liman.

Aka leƙo aka ce Mma Assana tana kiransa a zaure. Ya shiga ya same ta ita kaɗai. Ba ta ɗaga murya ba. Tafukanta ta buɗe masa, baƙi har wuyan hannu.

Ta ce, "Tun kafin a haife ka nake wanka a kan ƙyauren nan, bai taɓa bar min komai a hannu ba. Ina ƙyauren uwarka?"

Ya dubi tafukan nata, ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "To koma waje ka zauna. Mu ba mu gama ba."

Abin da matan nan suka gani a bayan labule, ba su faɗa ba har yau, ni ma ba zan ƙirƙira muku ba. Abin da kowa ya gani shi ne an yi ta hura wuta ana ɗora tukunya, an yi ta shiga da bokiti. Sun sauke ta a kan sabuwar tabarma suka sake wankan tun daga farko, a hankali, ba gaggawa, ba ƙorafi, har sai da ruwan rariya ya dawo fari tas. Jana'izar da aka sa da hantsi sai bayan la'asar aka yi ta. Allah ya saka wa matan nan. Sun mayar wa ƙawarsu da mutuncinta gwargwadon abin da hannu zai iya. Abu ɗaya ne ba su iya ba ta ba, shi ne abin da ta roƙa.

Mma Assana ba ta gaya wa kowa komai ba. Ba ta ma bukaci faɗa ba. Ƙyauren yana jingine a tsakar gida yana bushewa, bayansa ya koɗe ya yi fari kamar doyar da aka fere, duk macen da ta shigo gaisuwa sai ta gan shi. Kafin a yi sadakar uku, babu gidan da ba a ɗora ruwa a wuta ba. Kowa ya jiƙa tsumma ya goga a ƙyaurensa. Wani gida tsumman ya fito fari, a yi hamdala. Wani gida ya fito baƙi, tsoho ya zauna a bakin ƙofarsa yana kallon tsumman. Har ƙyauren zauren da ake karatun yara bai tsira ba.

Samari suka so su cinna wa shagon wuta. Liman Abdulƙuddus ya tsaya a bakin shagon da sandarsa ya hana. Ya ce wuta ba za ta dawo da ƙyaure ko ɗaya ba. Ya kira mutumin ya ce masa ya tafi ya nemo kayan mutane, ya fara da na mahaifiyarsa.

Kafintan ya je Hanukope. Dillali ya karɓe shi da sanyin maganar nan tasa, ya ce shi ciniki ya yi, bai tilasta wa kowa ba. Da ƙyar ya kwatanta masa inda ƙyauren yake. Kafintan ya hau zemijan, wato acaɓa, zuwa Bagida, wani wurin shaƙatawa a bakin teku, mai rumfunan ciyawa da kiɗa.

Ya sami ƙyauren. Ba a ma rataye shi a ƙofa ba. An yi masa ƙafafu huɗu, an ɗora gilashi a kan zanen, ya zama tebur. Mutane sun kewaye shi da kayan wanka suna dariya, ga kwalaben giya a kai, ga ƙayar kifi. Ya durƙusa a yashi ya zura hannu ta ƙarƙashi. Tafinsa ya faɗa cikin kwarin nan, inda kakar uwarsa ta kwanta, inda kakarsa ta kwanta. Wani ya manna cingam a wurin.

Ya roƙi mai wurin. Ya ce zai ba da injinsa da baburinsa, zai sassaƙa masa tebur goma da suka fi wannan. Mai wurin ya ce shi na gaske yake so, sabo ai ko'ina akwai. Da roƙon ya yi yawa, mai gadi ya kama shi a hannu ya raka shi bakin titi. Da ya sake komawa bayan wani lokaci, an ce an sayar da wurin, kayan kuma sun bi jirgin ruwa.

Ya sayar da duk abin da ya tara. 'Yan tagogi ya iya fansowa, sauran sun haye teku. Ba wanda ya sake kawo masa ko kujera. Tsofaffin da suke zama a bakin shagonsa suka ɗauke buzunsu. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, don a makaranta ana nuna su da baki. Yau hannun nan da babu irinsa yana can wajen tashar jirgin ruwa, yana buga ƙusa a akwatunan kaya.

Saura abu ɗaya in gaya muku. Bayan shekaru, ya tara abin da ya tara ya sayi loko mai kyau. Ya sassaƙa ƙyaure, bai shafa masa komai ba, ya bar shi da haskensa na sabo. Waɗanda suka gani sun ce ko na kakanni bai fi shi kyau ba. Ya ɗauko shi a ka tun daga bakin titi har gidan, ya ajiye a gaban Mma Assana, lokacin ta tsufa ƙwarai. Ya ce na matan dangi ne, in za su karɓa.

Ta sa aka ɗumama ruwa aka dama magarya. Ta zuba da hannunta a gaban kowa, ta murza. Ruwa ya gangara fari. Ta ce a ɗauka a rataye, zai yi wa na baya amfani. Sannan ta dube shi ta ce, "Aiki ya yi kyau, Kafinta. Amma uwa sau ɗaya ake mata wankan nan."

Ya 'yan uwa, kun ji. Mutumin nan ba jahilin sana'a ba ne, ba mayunwaci ba ne, ba mara kunya ba ne. Allah ya ba shi abin da bai ba kowa ba a unguwa, mutane kuma suka ba shi amana saboda wannan baiwar. Da ita ya cuce su. Ya iya rufe idon mai kallo, ya iya rufe hannun mai shafawa, har hannun uwar da ta haife shi. Ya shirya wa kowane gwaji, ban da gwajin ranar mutuwa, don ita ce ranar da bai taɓa yarda ya leƙa ba.

To mu fa? Wane ne a cikinmu ba a ba shi ajiyar wani abu ba? Tela an ba shi yadi, mai awo an ba ta mudu, malami an ba shi 'ya'yan mutane. Me muka mayar wa masu shi, na gasken ko mai kama da shi? Kada wanda ya ce ai ba a gane ba. Duk abin da aka shafa a sama, akwai ruwan da zai ɗauke shi. In bai zo a tsakar gida ba, zai zo a ranar da ba labule, ba kuma Mma Assana da za ta rufa asiri.

Ku riƙe amana. Ku cika wa iyaye wasiyyarsu tun ana iya cikawa. Wanda yake da kayan wani a hannunsa ya mayar yau, tun kafin ya hau jirgi.

Allah ya jiƙan Mma Suwaiba, ya sa makwancinta ya fi wanda ta roƙa. Allah ya karɓi tuban ɗanta in ya tuba da gaske. Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye hannayenmu daga abin da zai fito a rariya ranar da aka kwantar da mu. Amin.